Fitilun Lambun Surukina

Ko na tsufa ba na jin zan manta da yammacin da na je Gwaram gyaran fitilun Alhaji, mahaifin Hauwa, yarinyar da nake nema. A lokacin Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. So yake ya gani ko ina da sana'ar da za ta riƙe masa 'ya.

A lambun gidansa akwai ɗan tafkin siminti mai feshin ruwa sama, da ƙananan fitilu a ƙarƙashin ruwan. Taransifomar da ke rage musu ƙarfin wuta ce ta ƙone. Na taso daga Birnin Kudu da sabuwa a jaka (da turare a jiki, kamar mai zuwa ɗaurin aure), na cire tsohuwar, na ɗaura wayoyi tsaf. Da na kunna, sai ruwan ya ɗauki wani shuɗin haske mai sanyi. Nan take na lula duniyar tunani. Ga ni ga Hauwa a bakin ruwan, iskar damina na kaɗa mayafinta, har 'ya'yanmu na hango suna tsoma yatsu.

Muryar Alhaji ce ta dawo da ni.

"Hasken nan ya yi kaɗan, yaro. Akwatin nan ne ke shanye wutar. Haɗa su kai tsaye."

Na san wutar gida ta fi ƙarfin ƙwayayen fitilun nan nesa ba kusa ba. Amma wa ke musu da suruki? Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na ji bakina ya ce, "To, Baba."

Na haɗa su kai tsaye, shi kuma ya kira abokansa da suka zo sallar magariba su ga aikina. Na kunna. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, ruwan ya zama fari fat kamar an narka wata a ciki. Sai tas! tas! tas! Lambu ya yi duhu, ƙauri ya tashi.

"Ashe bai gama koyo ba," in ji Alhaji cikin tausayi.

Na so ƙasa ta tsage. Ta taga kuma na jiyo dariyar Hauwa.

An ba ni ita daga baya, amma har yau ko ƙwan fitila ɗaya ya mutu a gidan, wani ake kira, ba ni ba. Ni dai na gane cewa kunyar suruki a gaban kwanon tuwo ake yinta, ba a gaban wayar wuta ba.