Ranar da Na Roƙi Jariri Fitsari

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Rabi ba, ko da na tsufa har ina neman carbin da ke wuyana. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi.

Lokacin ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba, muna zaune a Agege, a gidan haya irin mai ɗakuna suna kallon juna. Ƙofata tana kallon ta Rabi. Mijina tela ne, nata kuma yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Mu biyu ne kaɗai a gidan ba mu da goyo. Kowace mace ana kiranta Maman wane, mu kuwa har kwanukan jerenmu suka fara tsatsa ana ce mana Amarya. Don a bambance, ni ce Babbar Amarya, ita Ƙarama.

Tare muke zuwa asibiti ganin likitan mata, kowa da aikinta. Rabi haifaffiyar Agege ce, Yarbanci a bakinta kamar ruwa, ita ke faɗa da kwandastan motar hayar da ake kira danfo, ita ke lallashin nas in kati ya ɓata. Ni da na yi sakandare a Funtuwa ni ke karanta takardar magani, in ce mata wannan da safe, wannan sai bayan al'ada. Ranar da aka yi min hoton mahaifa, wanda ake ɗura wa mace ruwa har ta ji kamar ranta zai fita, Rabi ce ta riƙe hannuna a benci tana ta hasbunallahu har na iya miƙewa. A danfon dawowa muka yi alkawari kowa za ta riƙa sa 'yar'uwarta a sujada.

Allah kuwa ya amsa. Amma tawa addu'ar ya fara amsawa, wadda na yi wa Rabi.

Da ta gaya min ta samu ciki, na rungume ta na ce masha Allah har da hawaye (hawayen dai Allah kaɗai ya san na mene ne). Daga ranar na zama alƙaliyar ibada. Ni ce mai azumin Litinin da Alhamis, Rabi kuwa sai na buga mata ƙofa take tashi sallar asuba. Likita ɗaya, ƙwaya iri ɗaya, kuma ni na karanta mata yadda ake sha. Na san wannan tunani bai dace da musulma ba. Sai in yi istigfari, in leƙa taga in ga ta fito shanya da cikinta a gaba, istigfarin ya koma sabo. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To da takina cikin nan ya girma.

Na fara sulalewa asibiti ni kaɗai. In ta tambaya in ce ina tausayin ta ne da girgizar mota. Kwandasta ya wuce da ni tasha, nas ta daka min tsawa da yaren da ban ji ba, na zauna a bencin nan babu mai riƙe min hannu. Duk da haka girman kai bai bar ni na ƙwanƙwasa ƙofar da ke gabana ba.

Ta haifi namiji. Ranar suna na ci ado da farin leshi, wanda mijina ya ɗinka min da hannunsa, don kada a ce Babbar Amarya tana baƙin ciki. Ana cikin hidima sai jaririn ya tsula wa wata yarinya Talatu fitsari a cinya, ita da ko shekara ba ta yi da aure ba. Iya mai gida, tsohuwar Bayarabiyar da muke haya a wurinta, ta tafa hannu ta ce a wurinsu duk macen da jariri ya yi wa haka, to ya kira mata ƙaninsa ke nan. Mata suka ɗau guɗa, Talatu tana rufe fuska da mayafi.

Ni kuwa na taɓe baki na ce camfi ne (kuma camfin ne, malamar Islamiyyarmu ta sha faɗa). Amma a cikina wani abu ya ce: har fitsarin ma sai an tsallake ki?

Da aka sauke abinci mata suka yi waje, ɗakin ya zama babu kowa sai jariri a kan katifa. Na leƙa tsakar gida, na dawo na ɗauke shi. Na zare fil, na kwance nafkin, na ɗora shi tsirara a kan leshina. Yaro ya ci gaba da barcinsa. Na yi masa 'yar tsuwar nan da iyaye ke yi wa yara a kan fo, shiru. Na jawo buta na riƙa tsiyaya ruwa a cikin kwano don ya ji ƙara, shiru. Sai na sunkuya na shiga yi masa magiya kamar mai neman alfarma wurin babban mutum.

Na ce, "Haba ɗan albarka, Talatu ta fi ni ne? Ni fa na karanta wa uwarka maganin da aka same ka. Na riga ta aure, na riga ta zuwa asibitin, ta zo ta wuce ni. Ɗan kaɗan ma ya isa."

Ya buɗe ido ɗaya, ya yamutsa fuska, ya yi wani ɗan nishi. Na ji ɗumi a cinyata, har zuciyata ta yi tsalle. Da na duba sai na ga ba abin da na roƙa ba ne. Babban ya ba ni, kashi ruwan ɗorawa, a kan farin leshi.

Daidai nan aka ɗaga labulen ƙofa. Iya mai gida ce a gaba, bayanta dangin mijin Rabi da mai hoto da kyamararsa, sun zo ɗaukar jariri a yi hoto. Ga ni zaune, nafkin a kafaɗa, buta a hannu, kwano a gabana. Babu wanda ya buƙaci bayani. Iya ta dube ni, ta dubi cinyata, ta ce da Hausarta mai karkata, "Amariya, kin roƙi ɗaya, ya ba ki 'yan biyu." Ɗakin ya kece da dariya. Mai hoto, Allah ya saka masa da alheri, ya juya yana kallon bango.

Ban gama shan wannan ba sai ɗaya labulen, wanda ya raba ɗakin biyu, ya motsa. Ashe Rabi tana kwance a bayansa tun ɗazu, ciwon kai ya sa ta gudu daga hayaniya. Babu kalmar da ba ta ji ba.

Ta karɓi ɗanta ta miƙa wa surukarta, ta ja hannuna zuwa bayan labule. Ta ciro zaninta na fitar suna ta ba ni, ta naɗe leshina da kanta. Ina ta jiran faɗa, ko gori, don na cancanta. Sai ta ce tun watanni ta gane halin da nake ciki, kuma da ni ce na riga ta, ba ta san irin haukan da za ta yi ba.

Ta ce, "Yaya, an ce addu'ar mai naƙuda ba ta faɗuwa ƙasa. Sunanki na yi ta kira, har nas ta ɗauka uwata ce ke."

Nan na fashe da kukan da na daɗe ina haɗiyewa, da zanin mutane a jikina. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in ta yi arba'in tare za mu koma asibiti, don ta ji labarin yadda kwandasta ya kai ni har Oshodi.

Haka kuwa aka yi. Da goyonta a baya take raka ni, ta zauna a bencin nan cikin matan da ke satar kallon yaron da irin idon da na sani sarai. Har yanzu ina shan magani, har yanzu ina jiran rabona, amma na daina duba takardar ibadar kowa. Sadiƙu kuwa, sunan da aka sa wa yaron ke nan, ya yi min fitsari a jiki ya fi a ƙirga kafin ya fara tafiya, kyauta ba roƙo, kuma ban ga komai ba sai wanki.

Abin da na koya shi ne, mai bayarwa ɗaya ne, kuma ba a kwance masa nafkin. In hassada ta motso miki, 'yar'uwa, ki ɗauki buta ki yi alwala da ita. In kuma shaiɗan ya fi ƙarfinki, to ki fara leƙa bayan labule, kuma kada ki sa fari.