Sawun Dinya a Tsibirin Ƙanƙara

A wani daji mai zafi, inda ba a san ƙanƙara ba sai a labari, akwai wata Dinya mai gida biyu. Rabin shekara tana tafkin dajin, rabi kuma sai ta tashi zuwa wani tsibiri can ƙarshen arewa, inda ita da danginta suke saka ƙwai a gindin duwatsu. Ran da aka aiko kiranta majalisar Zaki, ta ɗauka gaisuwar shekara ce. Tana isa ta tarar ana cinikin tsibirin.

Kura ce ke magana, yawu na zuba. "Ranka ya daɗe, ƙarƙashin ƙanƙarar nan akwai gishiri da kanwa da ƙarfe, jikokinmu ma ba za su ga ƙarshensu ba. Ga shi kuma narkewa take yi. Tana narkewa hanyar ruwa ta buɗe, duk mai wucewa sai ya biya kuɗin fito. Na ji wasu na kuka wai duniya na ɗumama. Ni dai na duba ban ga abin kuka ba."

Dila ya karɓa. "Ni ba ta ciki nake ba, ranka ya daɗe, ta tsaro nake. In ba mu saya ba, dajin gabas zai saya, ya ajiye 'yan leƙen asiri a saman kanmu. Wurin da ba ka riƙe ba, maƙiyinka ne zai riƙe maka."

Dinya ta tsaya baki buɗe. Mai sayarwar ma wani tsohon Kunkuru ne, wanda ambaliya ta taɓa jefa kakansa tsibirin, ya kwana ɗaya ya dawo da mura. Tun daga nan gidansu ke cewa nasu ne. Da Zaki ya taya, Kunkuru ya ce, "Albarka." Dinya ta yi ajiyar zuciya, baiwar Allah, ta zaci ƙi ya yi. Sai ta ga yana kallon buhunan kuɗin Zaki da ba a kwance ba tukuna.

Ta matso gaban sarki. "Ranka ya daɗe, akwai masu zama a wurin nan fa. A can aka ƙyanƙyashe ni, a can zan saka ƙwaina bana. An tambaye mu?"

"Ai shi ya sa aka kira ki, 'yar'uwa, don a tambaye ki," in ji Dila. "Akwai sauro?"

Takaici ya kusa kashe ta. Sai ta tuna al'adar dajin, wadda ko gyauron gona ba a sayarwa sai da ita. Ta ce, "To, ba a ƙulla cinikin ƙasa sai mai saye ya taka iyaka da ƙafarsa, kusurwa huɗu. Sarki ya je ya taka."

Kowa ya juya wajen sarki. Zaki ya dubi ƙafafunsa. Shi da ko yayyafi aka yi sai ya kwana uku yana atishawa, shi za a ce ya taka ƙanƙara? Dinya ta ji sanyi a ranta, ta ce ta gama da su.

Dila ya gyara zama. "Gaskiya ta faɗa. Amma ke ɗin ma, anya kin san iyakar? Ko dai daga sama kike hange?"

Nan fa zuciya ta ɗebe ta. "Ni? Babu dutsen da ban taka ba. Daga baƙin tsauni na yamma har bakin ruwan da ba ya daskarewa, shekara tara ina zagaya shi da ƙafafun nan."

"Rabin shekara kuma ruwan wa kike sha?"

"Na tafkin sarki."

"Jama'a kun ji," in ji Dila. "Talakar sarki ce, da ƙafarta ta taka, ba sau ɗaya ba, sau tara. Aikin da bawan sarki ya yi kuwa sarki ne ya yi shi. Al'ada ta cika."

Kafin Dinya ta haɗiye yawu, an kwance sauran buhunan, Kunkuru ya ce, "Na sallama." Aka yi shewa. Ita kuwa ta dubi ƙafafunta kamar yau ta fara ganinsu. Da su aka sayar da ita, kuma da bakinta ta ba da shaida.

Ta juya ga Zaki. "Ƙwayayenmu fa, ranka ya daɗe?"

Sai a nan Zaki ya yi magana, a hankali, cikin tausayi. "Kwantar da hankalinki. Don tsaro muka sayi wurin, ba za mu bar ƙwanku a fili maƙiyi ya ɗauka ba. Cikin fadawana masu fiffike, ɗaya ne kawai zai iya kaiwa can. Na naɗa shi sarkin tsaron ƙwai."

Hankaka ya sauko daga reshe, ya goge bakinsa a ƙasa, ya yi godiya.

Labarin da ke zuwa daga arewa yana da daɗin ji. Tun daga shekarar nan ko ƙwai ɗaya bai faɗa hannun maƙiyi ba, kuma kukan 'yan tsaki ya daina damun kowa a tsibirin.