Yaƙin Jan Zakara a Tashar Tungar Maje

Da sunan Mai juya zamani muke buɗe tarihin Sadauki Ɗantala ɗan Jatau ɗan Nomau, Sarkin Tutar Tungar Maje, garkuwar layin dogo, dodon awaki masu kwana a kan ƙarfe, wanda kakansa ya tsai da jiragen gyaɗa, ubansa ya tsai da na auduga, shi kuwa ya gaji jirgi ɗaya tilo mai wucewa ranar Talata, wanda ba ya ko tsayawa sai an ɗaga masa jar tuta.

A zamaninsa ne Allah Ya jarrabe shi da baƙuncin surukarsa, Inna Tabawa, wadda ta zo barkar haihuwa, ga jariri har ya fara tafiya. Tun zuwanta gwarzon bai ci tuwo ya ƙoshi ba saboda kunya, gwiwoyinsa kuwa sun yi kanta don durƙuson gaisuwa. Rannan ta ce za ta koma gida. Ya rako ta tasha yana share hawayen da malaman tarihi suka yi saɓani a kan dalilinsu.

Jirgi ya yi kuka daga nesa. Sadauki ya kai hannu ga tuta, sai ya ji sanda tsirara! Ya waiga, ya hango tutar kakanninsa bisa kan Inna, ta ƙulle daddawa da ita. Wane ɗan halak ne zai ce wa surukarsa ta kwance ƙulli? In kuwa jirgin nan ya wuce, ya san halin Inna, sai bayan damina.

Sai idonsa ya faɗa kan wani jan zakara, ja wur, yana tono a gindin famfo. Ya tattare riga ya yi kururuwa, "Yau ko ni ko kai!" Aka gwabza ƙazamin yaƙi daga ɗakin tikiti zuwa bayan ma'auni, ƙura ta tashi, takalmi ya yi shahada a kwata, hula ta tafi gudun hijira, maƙiyi ya karce shi a hanci, har dai Allah Ya ba mai gaskiya nasara. Ya cafke shi ta ƙafafu, ya ɗaga sama yana kaɗawa, yana ihu, "Tsaya! Don girman Allah tsaya!" Direba, wanda tun da ya fara aiki bai taɓa ganin tuta mai fuka-fuki ba, ya danne birki.

Jirgi ya tsaya. Ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa ta sauko da tabarma da buta da buhun kaya, ashe Kande ce, yayar Inna.

"Tabawa, ina za ki, ga ni na zo ganin jariri?" Ta dubi Ɗantala. "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. Ba don kai ba, da ya wuce da ni."

Inna Tabawa ta juya baya ga jirgi.

"Ɗantala, ɗauko wa Yaya kayanta mu koma. Zakaran nan kuma, tunda ka riga ka kama, a yanka mata."