Ranar Da Abincin Meziko Ya Koma Miyar Dage-dage

Ko zan manta da komai na farkon aurena, ba zan manta da ranar da surukata ta fara zuwa cin abinci gidana ba.

Ni haifaffiyar Makka ce, a unguwar Tandabawi na tashi, aure ya kai ni unguwar Ka'akiyya. Maigidana ɗan Kano ne da aiki ya kawo. Mahaifiyarsa, Hajiya, ba ta samu zuwa biki ba, sai daga baya ta zo Umara tare da ƙanwarta, Inna Rabi. Tun kafin su sauka magana ta iso kunnena: wai a can gida ana cewa ɗansu ya auro 'yar Makka, su kuwa 'yan matan Makka ba su san hanyar kicin ba, waya kawai suke latsawa a kawo musu kaza da shinkafa a leda. (Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ita ta tara mu ba.) Abin ya tsaya min a rai. Na ƙudura cewa sai Hajiya ta koma Kano tana ba da labarin girkina.

To me zan dafa? Tuwo dai ban isa in yi wa 'yar Kano ba, nawa kullum da gudaji yake fitowa. In na yi kabsa kuma, dafa-dukar shinkafar Larabawa, za a ce sayowa na yi. Sai na tuna da tako, abincin mutanen Meziko da na koya a waya, wanda ƙawayena suke lashe faranti in na yi. Ga wanda bai sani ba, wata 'yar gurasar masara ce mai ƙaras-ƙaras, a zuba mata soyayyen niƙaƙƙen nama, sannan kowa ya ɗora ɗanyen kayan lambun da ransa yake so. Da hannunsa. Ku riƙe wannan.

Da safe na je kasuwar kayan lambu na zaɓo tumatir, albasa, latas, attaruhu, ganyen ƙamshin nan na Larabawa da ake kira kuzbara, lemun tsami da fiya. Na soya naman da kayan ƙamshin da ake kira kamun da tafarnuwa da jan barkono. Na yanka tumatir ƙanana-ƙanana, albasar nan sai da ta sa ni hawaye. Na dame fiya da lemun tsami da gishiri ta yi kore shar. Na shimfiɗa sufura, wato ledar cin abinci, a falo, na jera kowane abu a ɗan kwanonsa. Har hoto na ɗauka, don Allah ku ji ƙarfin hali.

Maigidan ya ɗauko su daga masaukinsu da ke unguwar Kudai, ya ajiye su ya fita sayo lemo. Muka gaisa, kaina a ƙasa. Hajiya ta dubi sufura, ta dubi Inna Rabi, ba ta ce komai ba. Ni kuwa na ɗauka kyan abin ne ya ɗaure mata baki. Na ce, "Hajiya bismillah, bari in sauya kaya in zo," don duk ƙaurin albasa nake.

Ina ɗaki ina fesa turare sai na ji ƙamshin suya. Na ce a raina maƙwabta ne. Da na fito, sufura wayam, ko kwano ɗaya babu.

A kicin na same su. Hajiya ta naɗe hannun riga, ta juye tumatir da albasa da attaruhu da naman duk a tukunya ɗaya, tana juyawa. Har daddawar da ta kawo mana tsaraba ta ɓare ta jefa. Inna Rabi kuma ta yayyafa wa gurasar ruwa ta lulluɓe da tawul, wai ta bushe da yawa, za ta karya wa mutum haƙori.

"Zo nan 'yata," in ji Hajiya, muryarta cike da tausayi. "Kada ki ji kunyar komai. Mun zo miki da wuri ne, ba ki kai ga ɗorawa ba. Ni ma da aka kai ni gidan miji ko ruwan zafi ban iya ba."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki zan yi bayani, Hausar ta gudu, Larabci kawai ke zuwa. Kuma ko da ta zo, da wane ido zan dubi uwar mijina in ce mata abincin da ta cece ni daga gare shi a gama yake? Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na gode, Hajiya."

"Ita wannan koriyar miyar kuma," Inna Rabi ta nuna kwanon fiya a wajen wanke-wanke, "ta riga ta yi tsami, na zubar. Kuka ba ta son lemun tsami, kin ji ko?"

Na ce na ji.

Maigidan ya dawo ya tarar da miyar dage-dage. Ya dube ni, ya dubi tukunya, ya gane komai, ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya. Na yi zaton zai wanke ni. Ina! Zama ya yi ya ci, ya ƙara, yana cewa ya yi kewar hannun Hajiya. Abin haushin, miyar ta yi daɗi. Ni ma na ƙara.

Bayan la'asar ina wanke kwanuka na jiyo Hajiya a waya da mutanen gida, ta ƙure murya yadda tsofaffi suke yi in kiran na nesa ne. "Yarinya mai ladabi, masha Allah. Girki dai da saura. Amma yankan albasa, ban taɓa ganin irinsa ba!"

Labarin girkina ya isa Kano kamar yadda na yi fata. Har yau duk wanda ya zo Umara daga danginsu sai ya nemi ganin amarya mai yanka albasa, kuma Hajiya ba ta fasa aiko min da daddawa da saƙon yadda ake ɗora miya ba.

Na dai koyi abu ɗaya. In za ki ajiye wa tsohuwar Bahaushiya ɗanyen tumatir a kwano, to kada ki kuskura ki bar ɗakin, ko kuma ki kulle kicin ki tafi da makullin.