Burtun Kawu Jatau

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai baƙuwa kallon tsuntsaye a gandun dajin Zugurma ba, ko da na so in manta, kuma wallahi na so. Duk wanda ya ji labarin sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ni dai har yau ban gano inda abin dariyar yake ba, amma tunda ana ta yawo da shi a gari, gara ku ji daga bakin mai abin.

Lokacin na gama difloma, takardar tana cikin akwati kyankyasai na karatunta. Ina zaman shagon cajin waya na wani abokina a Kontagora, ba albashi, sai shayi da burodi ranar da aka yi ciniki. Daji kuma bai lalace kamar yanzu ba, ana shiga ana fita lafiya. Wata rana sai ga wata dattijuwa da batiran kyamara, wai ba wuta a masaukinsu. Direbanta Dakta yake ce mata. Tana jiran caji take faɗa mana ita malamar jami'a ce, tana rubuta littafi a kan tsuntsayen yankinmu, kuma tana neman matashin da ya san daji ta ɗauke shi aiki, da albashi duk wata.

Ni albashin kawai na ji. Na ce mata ai ta zo gidan, a daji aka yanke mini cibiya. (Gaskiyar magana, a wani ƙauye kusa da Zugurma na tashi, a hannun Kawu Jatau, yayan mahaifiyata, amma ina gama firamare na gudo birni. Tsuntsayen da na sani su ne zabo da tantabara, su ma a cikin miya.) Ta ce akwai wanda ta daɗe tana nema ba ta gani ba, wato burtu, ƙaton baƙin tsuntsun nan mai yawo a ƙasa da dogon baki. Na bugi ƙirji na ce ai burtu kamar kaji suke a wajenmu, jibi-jibin nan zan nuna mata. Baki dai shi ke yanka wuya.

Washegari na hau kabu-kabu sai ƙauye. Kawu Jatau tsohon maharbi ne, ya ajiye harbi tun da ciwon gwiwa ya kama shi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayena, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yansa ba. Da na tambaye shi inda zan sami burtu, sai ya yi murmushi ya ce rabonsa da ganin mai rai har ya manta, kuma su maharba su ne suka ƙarar da su saboda kan. Ya nuna mini nasa rataye a bango, wanda ya gada wajen mahaifinsa. Busasshen kan burtu ne da aka kafa a kan lanƙwasasshen itace. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe cikin ciyawa yana sara ƙasa, dabba tana zaton tsuntsu ne har ya iso kusa da ita.

Ina kallon kan nan Shaiɗan ya raɗa mini dabara, ni kuma ban ko yi a'uziyya ba.

Kawu ya ƙi. Ya ce gandu ba wurin wasa ba ne, ma'aikatansa ba sa jin bari, kuma da girmansa da furfurarsa ba zai koma rarrafe ba. Na yi roƙo, na yi magiya, da na ga ba ci sai na jawo sunan marigayiya ƙanwarsa, na ce da tana raye da ba za ta so ta gan ni ina gadin wayoyin mutane ba. (Har hawaye na matso, Allah Ya yafe mini.) Daga ƙarshe ya ce, "In don aikinka ne, to." Muka shirya zai ɓuya da hantsi a cikin gamba, kusa da wata babbar kirya a bakin gandun ta wajen gonakinsu. In na cire hula ya fara, in na mayar ya sulale ya koma gida.

Ranar muka shiga gandu da sassafe a motar Dakta, da direbanta da wani ma'aikacin gandu mai bindiga da aka haɗa mu da shi. Daji kam ya yi mana kara. Mun ga gada, mun ga mugun dawa da 'ya'yansa sun ɗaga wutsiya suna gudu, ga zabin daji garke guda. Dakta tana ta ɗaukar hoto, duk tsuntsun da ya gifta ta san sunansa. Ni kuwa in ta waiwayo sai in gyaɗa kai in ce, "Wannan ai ɗan gida ne." Da muka sauka muka ci karo da gwaggon biri suna tsallaka hanya, sai na tuna na bar gorar ruwana a mota, ban kuma same ta ba sai da suka wuce.

Hantsi ya yi, na ce a juya wajen kirya, jikina yana ba ni burtu na can. Muka tsaya daga nesa, na cire hula ina fifita da ita. Can sai ga baƙin kai ya taso daga cikin gamba, ya karkata, ya sari ƙasa, ya ɗan matsa gaba. Dole in faɗi gaskiya, Kawu ya iya aikinsa. Ni da na shirya abin ma sai da tsigar jikina ta tashi. Nan na hau bayani ƙasa-ƙasa kamar wani farfesa, wai namiji ne, wai ya tsufa, wai burtu tsuntsu ne mai kunya, kada a matsa kusa.

Dakta ba ta matsa ba. Madubin hangen nesan da ke rataye a wuyanta ta ɗaga. Ni a zatona irin tabarau ne na masu ciwon ido, don ban taɓa leƙa cikinsa ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini ta ce, "Duba tsuntsun naka."

Na duba, sai ga Kawu kamar in miƙa hannu in taɓa shi. Ga furfurar gemunsa, ga gumi yana zuba, igiya ta nutse masa a goshi. Ƙudan tsando ya lafe masa a kunci yana shan jini, ya kasa kore shi don kada ya ɓata mini aiki. Idanunsa kuma suna kaina.

Na rikice, na kifa hula, na cire, na sake kifawa. Burtu ma ya rikice, ya nutse, ya taso, ya rasa inda zai nufa. Ma'aikacin gandu ya karɓi madubin ya leƙa, nan take ya saita bindiga ya daka tsawa a fito. Kawu ya yunƙura zai miƙe, gwiwa ta ƙi, ya koma ya durƙushe cikin ƙaya da kan tsuntsu a karkace a goshinsa. Direba ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

Aka taso shi gabanmu, gwiwoyinsa duk jini. Aka caje shi, ba bindiga, ba baka, ko wuƙa babu. Ma'aikacin yana ta tambayarsa wa ya aiko shi, ina ya ɓoye makami, Kawu ya ƙi ambatar sunana. Sai Dakta ta juyo ta ce da ni, "Kai ɗan nan yankin ne. Ka san shi?"

Na tuna albashin nan. Na ce, "Ranki ya daɗe, ban taɓa ganinsa ba."

Kawu ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Yaron nan bai san ni ba."

Aka ƙwace kan burtun, aka zaunar da Kawu a bayan mota cikin rana, ni ina ciki ina shan sanyin iyakwandishan. Ko waiwaye ban yi ba har muka ajiye shi a ofishin gandu. Daga baya na ji dagacinsu ne ya je ya tsaya masa aka sake shi, tunda tsoho ne kuma ba makami, amma kan da ya gada bai dawo ba.

Sai da muka iso Kontagora Dakta ta yi mini magana. Ta ce tun a madubi ta ga ni tsohon yake kallo, hulata yake jira. Ta ce ƙaryar tsuntsu ba ta dame ta ba, ta ma ji daɗin ganin irin wannan gwaninta da idonta, kuma da na ce nawa ne da ita da kanta za ta ba ma'aikacin haƙuri. Amma wanda zai ce bai san mutumin da ya yi rarrafe cikin ƙaya dominsa ba, ba za ta shiga daji da shi ba. Ta sa direba ya sauke ni a ƙofar shagon caji, wato inda ta tsince ni.

Na daɗe ban iya taka ƙauye ba. Da na daure na je ba da haƙuri, Kawu ya sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka kawo ruwa a kwanon baƙi. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi hanya, sannan ya ce, "Samari, daga wane gida?" Na durƙusa na yi kuka na gaske wannan karon, ya ce ba komai, ai baƙo ba ya laifi. Shekaru sun wuce, duk sallah ina zuwa, kuma duk sallah sai ya tambaye ni daga wane gida.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. In za ka yi ƙarya, ka yi ta da bakinka kaɗai, kada ka ari gwiwar tsoho. In kuma asiri ya tonu aka tambaye ka ko ka san naka, to ka san shi, don shi ma yana iya yarda da maganarka.