Kibiyoyin Tasalla Beguwa

A wani daji da fari ya ratsa shekara biyu a jere, kusan kowa ya fito da bashi a wuya. Cikinsu har da Tasalla Beguwa, wadda ta ci bashin gero buhu goma sha biyu wurin Bauna, ta jinginar da gonarta ta bakin fadama. Gonar nan ita kaɗai mijinta ya mutu ya bar mata, da 'ya'ya huɗu.

A lokacin ne Burgu ya buɗe Ofishin Sauke Nauyi a gindin kuka. Tsarin, a baki dai, ba laifi: ka kawo buhu ɗaya duk wata, ka ɗora mudu biyu ladan ofis, su kuma su kai wa mai bin ka. Bauna ya yarda, da sharaɗin in wata goma sha biyu ya cika kayansa ba su cika ba, gona ta zama tasa.

Tasalla ba ta taɓa saɓa wata ba. Dangin beguwa kuwa ba sa ɗaure bakin buhu da igiya. Kibiya suke zarewa daga gadon bayansu su soke shi. Da zafi, amma haka suka gada.

A wata na biyar Bauna ya tare ta a hanya. "Tasalla, buhu biyu fa kawai na gani."

Ta nufi ofis, ta tarar da akawu, Hawainiya.

"Iya, wa kika ba kayan?"

"Ke na ba, 'yar nan."

"Wadda kika ba ɗin, wane launi ce?"

"Koriya."

"To kin gani. Ni ja ce. Ki dawo jibi."

Jibi aka ce littafin rasit ya ƙare. Gata aka ce manaja yana taro. Da ta nemi takardunta, aka ce suna sashen ajiya, a hannun Gara. Jama'a, Gara!

Maƙwabta suka ce ta daina biya. Ta ce a'a, ranar da ta daina ta ba 'yan ofis abin faɗa. Ni dai na ga masu haƙuri, amma ban ga irin matar nan ba. Ba zagi, ba kuka a bakin ƙofa. Ta kai buhunta, ta gaishe su, ta nemi rasit, a hana ta, ta koma gona.

Ranar da wa'adi ya cika, Bauna ya zo da turaku zai kafa a gonar. Tasalla ta roƙe shi kwana ɗaya, ta kai ƙara gaban alƙali, Gwaggon Biri.

Burgu ya gyara babbar riga ya ce, "Allah ya gafarta malam, muna tausaya wa Iya ƙwarai, domin abokan hulɗarmu su ne mu. Sai dai ofis da takarda yake aiki. Mun bincika, kuma sashen ajiya ya tabbatar mana babu takardar da ta rage da sunanta. A gaskiya babu wadda ta rage da sunan kowa. Muna shirin kafa kwamiti."

Alƙali ya dubi Tasalla. Ta miƙe a hankali.

"Allah ya gafarta malam, ni ban yi boko ba, kuma ban ce kowa ɓarawo ne ba. Ban ga an ci ba. Abin da na sani, sau goma sha biyu na shiga gindin kukar nan da kaya a kai, na fito hannu rabbana. Rasit an hana ni, amma nawa yana jikina." Ta juya baya. Ga gurbi goma sha biyu a jere, wasu sun warke, na ƙarshe ko ɓawo bai yi ba. "A buɗe rumbunsu kawai."

Aka ɗunguma gindin kuka. Sai da aka yi sa'a guda ana neman makulli, har Bauna ya gaji ya sa ƙaho. Can ƙurya, ga buhu goma, kowanne da kibiya soke a bakinsa. Ba wanda ya sata. Ba wanda ya kai. Na ƙasa har sun fara tsiro.

Bauna ya daɗe yana kallon bayan matar, sannan ya aika a tuge turakunsa. "Waɗanda suka ruɓe ma na karɓa," in ji shi. "Ki je ki yi shuka, Tasalla." A nan ne idonta ya kawo ruwa, karo na farko cikin shekara guda.

Alƙali ya umarci ofis ya gyara aikinsa, kuma ba a yi jinkiri ba. Washegari aka manna sanarwa a jikin kuka: saboda lafiyar ma'aikata, daga yau ba a karɓar buhun da aka soke da kibiya.