Ranar da Jirgina Ya Tsere Ƙasar Ingilishi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wanka da babbar riga a kogin Komadugu, surukina na kallo.

Lokacin ina shofer, wato direba, na wani Bafaranshe mai auna ruwan kogi a Diffa. Yana da ɗan jirgin ruwa na wasa, tsawon kamu ɗaya, da akwatin da ake latsawa daga gaɓa jirgin ya juya. Wata siririyar waya na tsaye a bayan jirgin. "Wannan ce kunnensa," in ji Mushe, Bafaranshen nan maigidana. Na ce to (ban ji komai ba, jirgin nake kallo).

Da ya kwanta zazzaɓi, na roƙi aro ya ba ni. Zuciyata kamar ta fashe don murna! Na nufi bakin kogi, gonar tattasan Aba Gana, wanda nake neman 'yarsa. Amma wayar nan ta dame ni, kowa ya gan ta zai gane dabarar Nasara ce. Sai na nannaɗe ta, na cusa cikin jirgin kusa da batir, na rufe.

Kusa da gaɓa abin ya yi kyau. Na latsa, ya juya. Manoma suka yar da fartanya, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa ina ta hura hanci.

"Ɗana, yana iya kaiwa tsakiya?" in ji Aba Gana.

"Aba, ko can garin Baruwa ka ce, zai je ya dawo!"

Na sake shi. Ya yi ɗan nisa, na latsa ya juyo, shiru. Na sake latsawa, ko gezau. Ya miƙe ɗoɗar zuwa wancan ƙetare, ƙasar maƙwabtanmu da muke kira ƙasar Ingilishi. Na ɗora akwatin a ka na faɗa ruwa, ina yi masa ihu da Faransanci (wai ko ya fi jin harshen gidansu). Laka ta cafke ƙafata, na kife.

Wani masunci ya tsamo ni, sannan ya kamo jirgin. Aba Gana ya dube ni ina ɗiga, ya ce, "Ɗana, shi ma ba ya jin maganarka?"

Ya ba ni 'yar dai, bayan ya gama dariya. Tun ranar na san wanda ka toshe wa kunne da hannunka, kada ka yi fushi in ka kira bai amsa ba.